Sitiyarin Baba da Tauraron da Ya Fashe

Shekarun baya, lokacin da sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, ruwan sama ma bai gama wanke fastocin 'yan takara daga katangun unguwar Gyadi-Gyadi a Kano ba, wata takarda ta zo mini daga ƙasar waje. A lokacin na gama digirina na kimiyya, na yi hidimar ƙasa, ina koyarwa a wata 'yar makarantar kuɗi a Tarauni. Ina tafe da biro uku a aljihun gaba, ina jin tun daga Darmanawa har Babban Giji babu wanda ya kai ni sani.

Takardar ta ce wata jami'a ta ba ni gurbi, da ci da wurin kwana, in je in yi karatu a kan wasu taurari da ke fashewa. Aikin da aka ware mini shi ne gano siffar fashewar, ko a mulmule take kamar ƙwallo ko a karkace, ta hanyar nazarin haskenta. A bayan takardar akwai fom da zan sa wa hannu in mayar cikin mako shida, in ba haka ba a ba wa wani. Na karanta ta ya fi sau goma a kan acaɓa kafin in isa gida, har ɗan acaɓan ya ce in riƙe da kyau kada iska ta raba ni da ita.

Mahaifina direba ne. Daga wani ƙauye na gabashin Kano ya shigo birni yana saurayi, ya yi shekaru masu yawa yana jan gingimari zuwa Kudu, ya kai albasa da wake, ya dawo da goro da manja. Da bayansa ya fara ciwo sai ya haƙura da doguwar hanya, ya sayi wata tsohuwar kanta, ƙaramar motar ɗaukar kaya, yana kai kaya kasuwannin kusa. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ina ƙarami "kai wannan" nake, da na shiga jami'a sai na koma "Farfesa", kuma ba don girmamawa ba.

Yana da ɗabi'u biyu da duk tashar Unguwa Uku ta san shi da su. Ta farko, ba ya ɗaukar kayan da bai san abin da ke ciki ba. Ko ɗan uwansa ne ya kawo buhu, sai an kwance baki ya leƙa. Asalin abin, yana sabon direba a zamanin soja wani mutum mai fara'a ya ba shi akwatuna ya ce sabulu ne. A wani shingen bincike aka buɗe, ba sabulu ba ne, ya yi kwana tara a tsare kafin Allah ya fitar da shi. Tun daga ranar ya yi rantsuwa. Ɗabi'a ta biyu kuwa, idan an gama lodi, nasa ko na wani direban da ya nemi ya duba masa, sai ya zagaya motar a hankali, ya taɓa igiya, ya dubi taya. In ya gamsu ba ya cewa komai, sai ya bugi jikin motar da tafin hannu sau biyu. Wannan bugun shi ne sallama. In bai buga ba, ko direba na sauri ba ya tashi.

Bayan la'asar na same shi a kan tabarma a ƙofar gida, rediyo a gefensa ana ta muhawarar 'yan majalisa. Na durƙusa na miƙa masa takardar. Ba ya karanta boko sosai, amma ya juya ta gaba da baya kamar yadda yake yi wa takardar kaya. Na fassara masa, ina ƙara gishiri.

Ya ce, "Madalla. To me ke cikin buhun?"

Na ce, "Wane buhu, Baba?"

"Karatun. Za ka bar uwarka ka tsallaka teku shekara huɗu. Me za ka je ka ɗauko?"

Na gyara zama, na soma. Har yau in na tuna bayanin da na yi a ranar sai kunya ta kama ni. Kalma ɗaya Hausa, uku Turanci. Na yi ta zuba kamar ana biyana, shi kuwa yana kallon bakina yana gyaɗa kai. Da na gama sai ya ninke takardar da fom ɗin, ya sa a aljihun gaban rigarsa.

Ya ce, "Ka iya Turanci, Farfesa. Ranar da ka buɗe mini buhun na ga abin da ke ciki, ka zo ka karɓi takardarka."

Washegari na ga ya saka ta a cikin jakar ledar da yake ajiye takardun mota, a ɗan akwatin gaban kanta, ya kulle.

Na ɗauka abin na kwana biyu ne. Na yi shiri sosai, na sayo lemo da ƙwai, na ɗauko alli daga makaranta. Na zana masa a simintin zaure yadda tauraro irin rana yake tsufa, ya ƙone, ya ƙanƙance ya koma ɗan ƙarami fari mai tsananin nauyi, wanda masana ke kira farin wada. Na ce wani lokaci irin wannan tauraron yakan fashe gaba ɗaya, mu kuma muna so mu san ko fashewar tasa kamar lemon nan take ko kamar ƙwan nan. Ya saurara da kyau, har ya rage muryar rediyo.

Ya ce, "A madubin naku kuna ganinsa kamar lemon?"

Na ce, "A'a, ya yi nisa da yawa. Ko a madubin hangen nesa mafi girma, ɗigon haske kawai ake gani, kamar kan allura."

"To ta yaya za ka faɗi siffar abin da ba ka ga siffarsa ba?"

Na buɗe baki, Turanci ya taho, na mayar da shi. Hausar kuma ta ƙi zuwa.

Ya ɗauki lemon ya soma ɓarewa. Ya ce, "Wanda ke faɗin abin da bai gani ba, ni dai suna biyu na san masa, ko maƙaryaci ko ɗan duba. Ban ce kai ɗaya ne daga cikinsu ba. Amma ban ga na ukun ba tukuna."

Maganar ta yi mini zafi, don dama mai shayin bakin layinmu ya riga ya yaɗa cewa ɗan direba zai tafi Turai koyon duba, har wata tsohuwa ta tare ni ta ce in na dawo in duba mata ko jikanta zai samu aikin kwastan. Na shiga wajen mahaifiyata ina huci. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

Na ce, "Inna, ki yi masa magana. Mutane na neman irin wannan da kuɗi ba su samu ba, shi ya kulle a mota kamar lasisi."

Ta ce, "Kai malamin makaranta ne ko?"

Na ce, "E."

"In ɗalibi bai gane ba, uwarsa kake aikawa ta yi masa bayani?"

Ta karkaɗe rariya ta ce, "Ka sani dai, ko da ƙafa za ka tafi, ba za ka tsallake dokin ƙofar nan ba sai da albarkarsa. Shi kuma ba ƙi yake yi ba. Tsoro yake ji ya ɗora ka a hanyar da bai san inda ta nufa ba."

Mako huɗu suka wuce a haka. Wani abokina, wanda muka yi jami'a tare, ya ce ina wahalar da kaina a banza. Ya ce akwai sabon shagon intanet da aka buɗe a kan titin gidan zu, in je in rubuta wa jami'ar cewa fom ya ɓace amma na amince, su aiko da wani ta adireshinsa. In biza ta fito, Baba zai haƙura, ai ba a mayar da ruwan da ya zube. Na bi shi. Na sayi awa guda, na zauna gaban kwamfuta ina buga saƙo da yatsu biyu. Na rubuta shi tsaf, ya yi kyau, saura in danna. Sai na tsaya ina kallon kalmar nan "ya ɓace". Fom ɗin bai ɓace ba, na san inda yake, na san ma launin ledar da yake ciki. In na danna, na zama na farko a cikin sunaye biyun da Baba ya lissafa. Na goge saƙon, na ƙarasa awar ina kallon fanka. Abokina ya ce bai taɓa ganin wanda ya sayi awa guda don ya sha iska ba.

Saura kwana uku wa'adi ya cika, ranar wata Asabar da safe, Baba ya leƙo ɗakina ya ce, "Farfesa, in ba ka da lacca yau, zo ka raka ni Kura." Ba ni da niyyar zuwa ko'ina, amma ba a ce wa Baba a'a. Na saka farar rigata mai guga, don in nuna masa ni ba ɗan tasha ba ne.

An yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi. Kayan wani ɗan kasuwa ne, buhunan takin zamani da buhunan dusa. Da yake Baba ya biya ta asibitin koyarwa ya duba wani maƙwabcinmu da aka kwantar, kafin mu isa masu lodi sun riga sun loda, sun rufe da tamfol, sun ɗaure. Ya sa aka ɗaga gefe ya ga taki ne da dusa, ya ƙirga, ya zagaya motar. Lodin ya yi kyau a ido, samansa a baje kamar an sa magwaji. Na jira in ji bugu biyu, ban ji ba. Ya ce, "Mu ji ta bakinta tukuna," ya shiga ya tayar.

Muka hau titin Zariya. Ba mu kai Na'ibawa ba na ga ya sassauta hannunsa a kan sitiyari, ya bar yatsu biyu kawai. Motar ta soma zarcewa hagu a hankali. Ya dawo da ita, ya sake saki, ta sake zarcewa. Ya yi tsaki.

Ya ce, "Sun jibge takin a hagu, sun cika dama da dusa."

Na juya na leƙa ta ɗan gilashin baya. Tamfol ne kawai, a miƙe, babu tudu babu kwari. Na ce, "Baba, ai daidai yake. Kuma a rufe yake, ta ina ka gani?"

Ya ce, "Wa ya ce maka gani na yi? Sitiyari ne ya faɗa mini."

Ya sauka gefen titi, muka kwance igiya. Haka abin yake. Buhunan girmansu ɗaya, amma taki duk yana hagu, dusa duk tana dama. Babu masu lodi a wurin, bayan Baba kuma ba ya ɗaukar nauyi, don haka Farfesa ne ya hau. Na yi kusan awa guda ina jan buhunan taki, shi yana ƙasa yana nuni da baki, "Wancan nan, wannan can." Farar rigata ta koma abin da ko tsumma ba za a yi da ita ba. Da muka ɗaure, ya zagaya, ya bugi jikin motar sau biyu, muka shiga.

Yanzu rana ta fito, titin da ya jiƙe yana ta ƙyalli har ido ba ya iya kallo. Baba ya laluba ya ɗauko tabaransa. Wani baƙin tabarau ne da ya saya a Kudu tun ina firamare, ƙafarsa ɗaya ɗaure da zare, ba ya bari kowa ya taɓa. Ina zaune ina haki, hannuna na warin taki, maganarsa tana ta juyawa a kaina. Wa ya ce maka gani na yi. Sai na ji gabana ya faɗi, irin faɗuwar da yake yi in ka tuna inda ka ajiye abin da ka yi wata guda kana nema.

Na ce, "Baba, in ka sa tabaran nan, ƙyallin titi yana ɓacewa?"

"Shi ya sa nake sa shi."

"In ka karkata kanka gefe fa?"

Ya dube ni ta saman tabaran. Ya ce, "Sai ya dawo. Wa ya gaya maka? Na daɗe ina mamakin abin nan, na ɗauka idona ne."

Na roƙe shi ya tsaya. Ya tsaya a gaban wasu masu sayar da rake, kusa da wani kududdufi da ruwan asuba ya bari. Karo na farko a rayuwata ya miƙo mini tabaran. Na riƙe shi a gaban idonsa ina juya shi a hankali kamar sitiyari. Hasken da ke kan ruwan ya ɓace har ana ganin laka a ƙasa, na ƙara juyawa ya dawo, na ƙara ya ɓace.

Na ce masa haske yana tafiya ne yana kaɗawa, wani a tsaye, wani a kwance, wani a karkace, duk a cakuɗe. Amma in ya bugi ruwa ya dawo, yawancinsa sai ya kwanta. Gilashin tabaran nan kuma an yi shi ne yadda na tsaye kawai ke wucewa.

Ya ce, "Kamar mutum ya ɗauko gora a gicciye zai shiga zaure."

Na ce, "Haka ne, Baba. Sai ya miƙar da ita za ta shiga."

"To ina ruwan tauraronka da wannan?"

Na ce in tauraron ya fashe, tarkacensa yana watsuwa ta ko'ina kamar hayaƙi, hasken kuma sai ya yi ta karo da tarkacen kafin ya fito ya taho wajenmu. Karon nan yana jera shi, kamar yadda ruwan nan ya yi. Hasken da ya fito ta gefen sama da ƙasa yana jeruwa ta fuska ɗaya, na gefen hagu da dama ta ɗaya fuskar. In fashewar a mulmule take, kowane gefe ya yi daidai da ɗan uwansa, babu wanda ya rinjayi wani. In kuwa ta fi tsawo ta wani gefe, sai wancan gefen ya yi rinjaye. Mu ɗigo kawai muke gani, tamfol a rufe. Amma muna sa wa madubin hangen nesa irin gilashin nan, mu yi ta juya shi. In hasken ɗigon bai canza ba duk yadda muka juya, lodi ya zauna daidai. In ya ƙaru a nan ya ragu a can, ko da ɗan kaɗan ne, to sitiyari yana ja, kuma mun san ta gefen da yake ja.

Baba ya karɓi tabaran ya juya shi da kansa a kan kududdufin, sau uku ko huɗu. Wani mai rake ya matso yana kallonmu, ya ga ba saye za mu yi ba, ya koma.

Can ya ce, "Wato ba gani kuke yi ba. A hannu kuke ji."

Na ce, "A hannu muke ji."

Ya tayar da mota. Mun yi tafiya mai ɗan nisa kafin ya sake magana, idonsa a kan titi. "Shi wadan naka, me ke fasa shi tun farko?"

Na ce yawanci yana da maƙwabcin tauraro a kusa, sai ya yi ta jan kayan maƙwabcin yana ɗora wa kansa. Akwai iyakar nauyin da zai iya ɗauka, in ya kusa kai wa nan sai wuta ta kama a cikinsa ya tarwatse.

Baba ya yi dariya har da buga sitiyari. Ya ce, "Obalodi. Allah mai iko, ashe har a sama haɗama ke kashe su. Na sha gaya wa yaran tasha, ba sa ji."

Da muka wuce wata gada sai ya yi tambayar da na fi tsoro. "To an ji ya karkace ko bai karkace ba. Wa zai amfana?"

Na ce irin waɗannan taurarin in sun fashe ƙarfin haskensu kusan ɗaya ne, shi ya sa masana ke auna nisan sararin sama da su. Wanda ya yi haske sosai yana kusa, wanda ya dusashe yana nesa, kamar yadda direba ke kimanta nisan motar da ke tahowa da hasken fitilarta. Amma in fashewar a karkace take, za ta iya fin haske ta wani gefe, sai wanda ya kalle ta ta gefen da ya dusashe ya ɗauka ta fi nisa.

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce akwai wani abokinsa da suka fara tuƙi tare, mutum mai hankali, ba ya gudu. Wata rana a hanyar Kudu ya hango fitila dusu-dusu, ya ɗauka motar na nesa, ya fita zai wuce ta gabansa. Ashe tirela ce a kusa, fitilarta ce ta karkace tana haska daji. Baba ne ya kawo wa iyalinsa hularsa da agogonsa.

Ya ce, "Fitilar da ta karkace ƙarya take yi wa mutum."

Muka isa Kura, aka sauke kaya, muka yi azahar, ya saya mana shinkafa da wake a wata rumfa. Ya yi ta hira da mutane a kan farashin taki da ko farar hula za su gyara hanya, ni kuwa ko kallona bai yi ba. A hanyar dawowa ma rediyo ya kunna. Na jingina da ƙofa na ce a raina shi ke nan, na yi iya yina, ga riga ta tafi, ga karatu ya tafi. Har na fara tsara yadda zan gaya wa malamin da ya taimaka mini na nema.

Da muka shigo gari sai na ga bai karya ta layinmu ba. Ya wuce ya tsaya a gaban wani shagon buga waya a Gyadi-Gyadi, inda ake tura takarda ta fakis. Ya kashe mota, ya buɗe ɗan akwatin nan, ya zaro jakar leda. Ya fitar da lasisi da inshora ya ajiye a cinya, sannan ya zaro takardata. Ta yi laushi, gefenta ya sha baƙin mai.

Ya ce, "Cikin biron nan uku akwai mai rubutu?"

Na ɗora fom ɗin a kan murfin akwatin na sa hannu. Na so in yi godiya, na fara, ya katse ni. "Sauka ka tura kafin su ɗauke wuta. Kuma ka karkaɗe jikinka, kada su ɗauka ɗan dako ne ya zo."

Ranar tafiyata bai raka ni filin jirgi ba, ya ce yana da lodi, kowa kuma ya san ba shi da shi. Maƙwabcinmu mai tasi ne zai kai ni. Mahaifiyata ta yi kukanta a cikin gida ta gama, ta cusa mini ƙullin kuka da daddawa da yaji a jaka. Na fito na durƙusa a gaban Baba, ya ce Allah ya kiyaye hanya, kamar yadda zai ce wa kowane direba. Na shiga mota raina ba daɗi, don na sa ran zai ce wani abu ya fi haka. Mai tasi ya tayar, amma bai ja ba, yana kallon madubi. Shi ma ɗan tasha ne, ya san abin da yake jira.

Baba ya tashi daga kan tabarma. Ya zagaya tasi ɗin a hankali, ya taɓa but ɗin kaya na baya ya ga ya rufu, ya dubi tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya zo daidai tagar da nake, ya sunkuyo ya dube ni, kallon da bai taɓa yi mini ba tun da na yi wayo. Sannan ya miƙe ya bugi saman motar sau biyu. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, ban kuma iya waiwayawa ba sai da muka hau babban titi.

Na yi karatun, na yi shekaru ina juya gilashi a gaban ɗigon haske. Lokacin da wayar hannu ta shigo har Baba ya mallaki tasa, na taɓa kiransa na ce masa yawancin waɗanda muka duba lodinsu ya kusa zama daidai, jan da suke yi ɗan kaɗan ne, kuma ya fi yawa a tarkacen da ke waje-waje. Ya ce, "Kada ka raina ɗan kaɗan, Farfesa. Shi ke kayar da mota a kwana." A lokacin ban zama farfesa ba, amma a muryarsa na ji tsokanar ta fita daga sunan.

Yau Baba ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Kantar an sayar, shagon fakis ya koma wurin cajin waya, acaɓa ta ba wa adaidaita sahu wuri. Tabaran yana wajena, da zarensa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, na yi mako biyar ina ganin mahaifina ne bai gane ba, alhali ni ne ban gane ba. Na haddace abin, na ci jarrabawa da shi, amma ban san shi ba sai ranar da na ja buhunan taki. Har yanzu in ɗalibina ya zo yana zuba mini manyan kalmomi, nakan bar shi ya gama, sannan in tambaye shi me ke cikin buhun.

Ina kewarsa, kuma kewar ba ta raguwa. Bara 'yata ta fari za ta tafi jami'a a wani gari mai nisa. Na kwana biyu ina shirya nasihar da zan yi mata, har da rubutawa a takarda. Da ta shiga mota ta sauke gilashi tana jira, sai na nemi maganar na rasa. Na tsinci kaina ina zagaya motar, ina taɓa but, ina duban taya. Da na zo daidai tagarta na dube ta, na ɗaga hannu na buga sau biyu, direba ya ja.